Mun kai yara cin kifin ƴan kudu a Sabon Gari, ga yadda ta kaya har da ƙaya

Tun da muka yi aure Abban Ummi ke bani labarin kifin Fatakwal. Can yayi bautar ƙasa, shekara ɗaya tal, amma in ya fara bada labari sai ka rantse da Allah can aka binne cibiyarsa. Duk farfesun da zan yi a gidan nan sai ya cinye tas ya suɗe kwano sannan yace "yayi daɗi fa, amma ba irin na can ba." Shekara tara kenan ina haɗiye wannan amma ɗin. To ranar Asabar ɗin da ta wuce yace wani abokin aikinsa ya nuna mai wani waje a Sabon Garin Zariya, wata mata ce ƴar kudu take da shi, kuma basa saida giya, in shirya yara mu je in ji abinda yake nufi. Nace toh, yau dai za'a yi ta ta ƙare.

Ba zan faɗi sunan wajen ba saboda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai kuma matar bata yi min komai ba sai alheri, amma duk wanda ya san Sabon Gari ya san irin wuraren, rumfar kwano ce a gaba da kujerun roba, ciki ɗaki ɗaya mai fanka biyu da talabijin a bango, bayan gida kuma can ake aikin wuta.

Kuskurenmu na farko lokaci ne. Mun ce zamu fita ana idar da la'asar, amma duk mai yara uku ta san yadda abin yake, kafin a nemo takalmin Abba ƙafa ɗaya Auta ta ɓata kayanta an sake mata wasu, muka fito daga Tudun Wada muka haye gadar Kubanni sai ga cunkoso a PZ, ƴan keke napep sun cushe hanya kowa na ganin shi ne mai gaskiya. Biyar da kwata muka isa. Ku riƙe wannan biyar da kwatan, zan dawo kanta.

Muna shiga wata yarinya ta tare mu, sai naji ta da Hausa raɗau, "sannunku da zuwa Hajiya, ku shigo ciki akwai iskar hunturu a waje." Na ɗan yi mamaki sai kuma naga ai ba abin mamaki bane, mutanen Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa a 1911 kakanninsu suke garin nan, wasunsu in suna Hausa ta waya baka isa ka gane ba. Ta haɗa mana tebur biyu tun kafin mu roƙa, wannan ya burge ni. Amma kujerar zaman jarirai babu, ko ɗaya, na tambaya ta kalle ni kamar na tambayi jirgin sama. Haka Auta ta zauna a cinyata daga farko har ƙarshe, shekararta biyu kuma hannunta baya zama waje ɗaya, duk abinda ke tebur sai na tura shi tsakiya.

Tsarin wajen shi ne abin nan da suke cewa poyin an kil, wato ka nuna a kashe maka. Ana kai ka baya inda aka ajiye manyan robobi da rabin duro, tarwaɗa ce a ciki da ranta, ruwan ma ko rufe bayansu bai gama yi ba. Ummi tace Mama ba zasu mutu ba ruwan yayi kaɗan, sai babanta ya samu abin yi, ya tsaya yana mata bayani wai tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye shi yasa take daɗewa a ɗan ruwa ko a taɓo bata mutu ba, kuma shi yasa ita ce kifin da ake iya kawowa kasuwa da rai, karfasa kam kana fiddo ta ba daɗewa ta tafi. Gaskiya ne kuma, duk wadda ta taɓa siyo tarwaɗa a kasuwa ta kawo ta gida a leda ta san tana iya kaiwa kicin tana motsi.

Nan ne yara suka fi jin daɗi wallahi, ya fi musu abincin ma. Abba ya tsuguna yana ƙirga gashin bakinsu, yana cewa wannan mai gemu irin na Baffa. Yaron da ke kamawa ya sa hannu ya cafko wata ƙatuwa ta bayan kai, ta yi wani irin juyi ta watsa mana ruwa, Abba ya ja da baya santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin ruwan ƙarni. Ƙasan wajen siminti ne kuma jiƙe yake sharkaf, ba ko ɗan buhu da aka shimfiɗa. Allah ya tsare bai bugu ba sai wando da ya jiƙe, amma don Allah in kun je ku riƙe hannun ƙananan a wajen nan. Sannan ku janye su kafin a buga wa kifin a ka. Ni ban yi saurin janye nawa ba, Abba ya gani, idonsa ya kawo ruwa yace shi ba zai ci mai gemu ba. Yaron da ranar layya yake tsaye a kan rago har a gama fiɗa, yau kifi yake wa kuka, ikon Allah.

Muka koma muka zauna. Abinda muka ce a kawo: farfesun tarwaɗar nan, da gasasshen kifin teku da ake kira kuroka guda ɗaya da gasasshiyar ayaba wadda suke kira bole, da jatan lande faranti ɗaya don kawai mu ɗanɗana, sai farar shinkafa biyu da soyayyen dankali saboda yara.

Sai jira.

Minti hamsin da biyar. Na duba waya shi yasa nake faɗa da ƙarfin gwiwa. Kuma in za'a yi adalci ba laifinsu bane gaba ɗaya, kifin da yanzu aka kashe sai an zuba mai ruwan zafi an kankare yauƙin nan, a yanka a wanke, sannan a ɗora, kuma tarwaɗa ba'a cika mata wuta ba'a juya ta da ludayi in ba haka ba ta dagargaje, sai dai a riƙa girgiza tukunyar. Duk na san wannan, nima ina dafawa. Inda na ga laifinsu shi ne shinkafa da dankali ai basa buƙatar jiran kifi, da sun fara kawo wa yara su da an zauna lafiya, amma suka riƙe komai wai sai a kawo tare. Sau biyu ina cewa yarinyar don Allah ƙanwata ko dankalin ne a fara kawowa, tace "yanzu yanzu Hajiya," wannan yanzu yanzun ta ci rabin awa. A cikin wannan lokaci Auta ta zubar da tsinken sakace gaba ɗaya a ƙasa, ta tsoma hannu a robar wanke hannu ta shafe min mayafi, Ummi da Abba sun yi faɗa a kan wayar babansu har sau uku, shi kuma yana can ya kafa ido a talabijin kamar ba da shi aka zo ba. Nace Abban Ummi ka ɗan karɓe ta mana hannuna ya sage, ya karɓa minti biyu ta fara miƙo hannu tana Mama Mama ya dawo min da ita yana cewa "kin gani ai ke take so."

Biskit ɗin da na jefa a jaka ba da niyya ba shi ya cece ni. In zaku je da yara ku tafi da abin taɓawa, kar ku ce ai wajen abinci zamu.

Abincin ya iso daidai ana kiran magariba, kun ga amfanin biyar da kwatan da nace ku riƙe. Wajen ba su da ɗakin sallah, shi ya ja Abba suka tafi wani masallaci a bayan layin, ni kuma na tsaya ina rarraba ido, sai ga Madam ɗin da kanta ta fito daga kicin tana goge hannu a zani, babbar mace ce mai fara'a, tace "Maman yara zo ki yi a nan," ta kai ni wani ɗan sito inda take ajiye buhunan shinkafa da jarkokin manja, ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa, har alƙibla ta nuna min kuma daidai ta nuna. Ta riƙe min Auta har na idar. Wannan abu shi ya wanke min duk haushin jiran da na yi, ba zan ɓoye ba.

To bari in zo kan farfesun tunda shi ya kawo mu.

Jama'a, mutumin nan yana da gaskiya. Na faɗa a nan amma a gida ban faɗa mai ba kuma ba zan faɗa ba. Romon ba kauri gare shi ba, tsararo ne kamar shayi, ba tumatir ba mai yana yawo a sama, amma kana kurɓa sai kaji ƙamshin ya bi ta hanci ya fito. Na gane kimba a ciki, na gane gyaɗar miya, na gane ɗoɗɗoya da aka yayyanka aka watsa a ƙarshe tana nan koriya shar bata dahu ta mutu ba, sai wani ɗanɗano mai ɗan kama da masoro da ya tsaya min a harshe na kasa gane shi, da na tambaya Madam tace uziza ce, wato ganyen masoron. Abin haushin duk kayan nan banda uzizar ina da su a kicin, bambancin kawai ni ina lafta citta da kanumfari da tafarnuwa har su danne komai, sannan ina soya kayan miya tukuna, su kuwa basa soya komai. Naman kifin kuma fari tas, yana rabuwa da kansa, ba ƙarni ko kaɗan, ba kuma warin taɓon nan da ake ji a wasu kifayen kiwo.

Amma yaji. Wayyo yaji. Na ce musu a rage saboda yara, tace an rage, to in wannan ne ragaggen ban san me cikakken zai yi wa mutum ba. Mu Zage-zagi ba baƙin attaruhu bane amma wannan sai da na cire mayafi na goge hanci. Ummi ta kurɓa sau ɗaya ta fara fifita baki da hannu, ta shanye rabin gorar ruwa, ruwan ma ƙara mata yayi. Dabarar da na yi ita ce na ciro tsokar na ɗauraye ta a ɗan ruwan zafi da na roƙa, na marmasa musu a kan farar shinkafa na ɗiga romo cokali ɗaya don ɗanɗano. A haka suka ci sosai, har Abba mai cewa ba zai ci mai gemu ba, da yunwa ta yi yunwa ya manta da zumuncin. Daga baya Madam tace da na faɗa mata tun farko da ta ɗebi na yara a ƙaramar tukunya kafin ta zuba attaruhu, wai haka take wa masu zuwa da yara. To yarinyar da ta karɓi odar bata gaya min ana haka ba. Ku kam yanzu kun sani, ku ce a raba tukunya, kuma ku faɗa wa Madam ɗin da bakinku.

Tarwaɗa ita ce kifin yara in dai ƙaya ake tsoro, ƙashin tsakiya ne babba sai na gefe da ake gani da ido, ba ta da ƙananan nan masu ɓuya a tsoka irin na karfasa. Kurokan ne ya so ya ja mana. An gasa shi da kyau, an tsattsaga bayansa an cusa yaji da albasa, fatar ta yi ƙamas ƙamas, ayabar kuma ba nunanniya luguf ba ba ɗanya ba, ana dangwala ta a wani miyan manja mai albasa, haɗin da ban taɓa zaton zai shiga ba sai gashi ina neman ƙari. Ummi tace ita babba ce zata ci da kanta, shekara takwas, na bar ta ina fama da Auta, can sai naji tana kakari ta riƙe wuya idonta yayi ja. Gabana ya faɗi ras. Wani bawan Allah a teburin kusa ya taso da sauri yana cewa a bata teba ta haɗiye ba tauna zai wuce da ita, mu ma ai haka aka yi mana muna yara da lomar tuwo. Amma ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce kuma ta sha ja min kunne a kan wannan, tace lomar tana iya ƙara tura ƙayar ta nutse cikin naman maƙogwaro, in ana ganinta a cire a hankali, in ba'a gani ko yaro na kasa haɗiyar yawu ko numfashi to asibiti kai tsaye. Babanta ya kunna fitilar waya yace ta buɗe baki, Allah ya taimake mu tana nan a maƙale a gefe kusa kusa ana ganinta, ya wanke hannu ya zaro ta, ƴar siririya bata kai rabin ashana ba. Ummi ta yi kuka kaɗan ta sha ruwa, bayan minti biyar ta koma kan dankalinta, ni ce dai abincin ya fita raina na ɗan lokaci. Ba laifin masu wajen bane wannan, nawa ne, kifi da ƙayarsa aka halicce shi. Amma hasken ɗakin ma bai taimaka ba, ƙwan fitila ɗaya ne mai shuɗi shuɗi, da ƙyar kake ganin abinda ke farantinka balle ka tsince ƙaya wa yaro.

Jatan landen kuwa asarar kuɗi ce, in faɗa muku gaskiya. Guda shida a faranti naira 7,500, kuma da ka tauna ka san ya kwana biyu a firiza, yayi tauri kamar roba, ɗanɗanon yaji kawai kake ji. Ban ma yi fushi sosai ba don in mutum ya yi tunani ina Zariya ina teku, abin nan daga Legas ko Fatakwal ake ɗoro shi a ƙanƙara ya kwana a hanya, ya zo nan kuma ya haɗu da wutar NEPA ɗinmu ta yau akwai gobe babu. Kurokan ma na ƙanƙara ne amma shi gashi yana rufa mai asiri. Tarwaɗar ce kaɗai ta nan, daga masu kiwo a tafkunan gida, shi yasa ta fi komai. Shi kansa mai Fatakwal ɗin ya ci ɗaya ya ajiye yace wannan ba shi bane.

Abba da ya ga jatan landen da ƙafafuwansa da gashin baki ya ture farantin yace kyankyaso ne. Babansa yace kai da kake cin fara da yaji a ƙofar islamiyya, wannan ai farar ruwa ce. Ummi kuma tambayarta daban, wai ya halatta? Yace mata a mazhabar Malikiyya da muke bi duk abinda ke rayuwa a ruwa halal ne, har ƙaguwa. Ta ɗan gutsira ta yamutsa fuska. Auta kam ban bata ba ko kaɗan, saboda jatan lande da ƙaguwa suna cikin abincin da jikin wasu baya karɓa, sai kaga ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko fuska wani har numfashi ya sarƙe, kuma ban ga dalilin da zan gwada wannan a kan ƴar shekara biyu da daddare a Sabon Gari ba.

Wajen shida da rabi sai yanayin wajen ya canza gaba ɗaya. Ashe lokacin wasan Firimiya ne na yammacin Asabar, samari suka fara cikowa, aka ƙure sautin talabijin, ana cin ƙwallo ɗaya ɗakin ya ɗauki ihu har Auta ta firgita ta ƙanƙame ni. Giya dai da gaske basa saidawa, ban ga kwalba ko ɗaya ba, amma shagon da ke jikinsu yana yi kuma kiɗansu na shigowa ta taga. Ba wanda ya yi mana rashin kunya, hasali ma wani ya ɗaga kujerarsa ya bamu hanya yana cewa sannu Hajiya, amma mace da yara ba zata sake ba a wannan lokacin. In da rana ne ko da la'asar sakaliya, wajen shiru ne ba kowa.

Bayin su guda ɗaya ne maza da mata, akwai ruwa a bokiti da buta, ba datti amma ba fitila kuma sakatar ta lalace, sai da na tsaya na riƙe wa Ummi ƙofa ina haska mata da waya. Wajen wanke hannu kuwa sun yi ƙoƙari, roba biyu suke kawowa tebur ɗaya da ruwan ɗumi da sabulu da yankakken lemon tsami saboda ƙarni, aka canza mana ruwan har sau biyu ba mu tambaya ba.

Kuɗi: farfesu 9,000, kuroka da ayaba 13,000, jatan landen nan 7,500, shinkafa biyu 3,000, dankali 2,500, ruwa da lemo 3,000, ya kama 38,000 cif. Sai robar da aka zuba mana ragowa wai 500, wannan ya ɗan sosa min rai, mutum ya kashe kusan dubu arba'in a ce robar ma sai ya biya. POS ɗinsu ba netwok, muka yi tiransfa muka tsaya jiran alat kusan minti goma yara na ta hamma, ƙarshe Madam tace mu tafi kawai in ya shigo ya shigo, "ai na san fuskarku yanzu." Ta kuma ƙulla wa yara soyayyen filanten a leda kyauta, Abba yace mun gode Anti, tace "ka dawo ka gaida sauran masu gemun."

In ana bada maki ne farfesu zan bashi tara cikin goma, gashi takwas, jatan lande biyu, zama da yara kuma biyar, biyar ɗin ma albarkacin Madam. Zan koma, amma ƙarfe biyu na rana, kuma zan sa shi ya kira tun muna gida a ɗora, na karɓi lambarta. Auta kuma gidan Hajiya zata zauna sai ta iya zama a kujera da kanta.

Kan kifin da muka taho da shi na kai wa Hajiya washegari da safe na ɗumama mata, ta kurɓi romon ta yi shiru, ta sake kurɓa, sannan ta kalli ɗanta tace "to kai dama ashe ba ƙarya kake ba." Ni dai na tashi na shiga kicin. Uzizar da Madam ta ƙulla min a takarda tana nan a cikin kwabet bayan gwangwanin kanwa, bai san da ita ba tukuna.